Itacen da Firmin Bai Sare Ba

Colihaut, Dominika
Watan Yuli, 2019

Zuwa ga Yayata Albertine,

Gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa ga yayarta. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Cuthbert da yara da jikoki baki ɗaya. Ina roƙon Ubangiji ya sassauta miki ciwon gwiwar nan da kika ce sanyin Bradford na tayar miki, ya ƙara wa Cuthbert sauƙi bayan aikin idon da aka yi masa, ya tsare ku a fitarku da shigarku. Mu nan lafiya muke, sai godiya.

Gangar kayan da kika aiko ta iso tun watan jiya. Takalman robar sun yi mini daidai, da su nake hawa gona. Rigar sanyin kuwa, Yaya, ban san ranar da kike tsammanin zan sa ta a ƙasar nan ba. A yanzu dai kyanwa ce ke kwana a kanta, kuma tana godiya. An gama rufin ɗakin baya, mun rabu da tamfol ɗin da ya hana mu barci duk lokacin da aka yi iska. Coci ta samu sababbin tagogi. Josette 'yar ƙaninmu Firmin ta ci jarrabawa, za ta fara sakandare a Portsmouth, uwarta sai yawo take da labarin gida gida. Kawu Sylvestre yana nan da ƙarfinsa, kunnen ne dai ya ƙara nauyi, idan yana yi miki maganar sirri ana jin sa daga bakin gada. Dutse kuma ya sake yin kore. Da kin gan shi bayan babbar guguwar nan da ta daidaita ƙasar, tsirara, itatuwa tsaye kamar sandunan ashana da aka ƙona, da ba za ki yarda shi ne wannan ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro maimakon in kira ki a waya shi ne, na ji maƙwabciyata Rosemund ta gaya miki wai Firmin ya ɗaga mini adda a kan gadon gona, kuma na san kin kwana biyu da abin a ranki kina jin nauyin tambaya. Ba haka aka yi ba. An yi faɗa, an kuma daɗe ba a magana, amma ba a kan gado ba ne. Na ɓoye miki dalilin kamar yadda na ɓoye wa kowa, yanzu kuwa lokaci ya yi da za ki ji, domin ke ce babba, kuma gonar tamu ce mu uku.

Kin tuna itacen gomye ɗin nan da ke can ƙarshen gonarmu ta dutse, a kan doron da ya raba mu da dajin gwamnati, wanda Mama ke aikenmu mu kankaro ƙaronsa don hura wuta. Kin kuma tuna Baba ya yi masa alama da adda a shekarar da Firmin ya fara bin masunta, ya ce wannan na auta ne, ranar da ya buƙaci jirgi ga shi nan tsaye yana jiransa. Guguwa ta kwantar da kusan duk manyan itatuwan doron, ta karya masa babban reshe, amma shi bai faɗi ba. Jirgin Firmin kuwa kin san labarinsa: ya ja shi har bayan makaranta ya ɗaure, teku ta bi shi can ta ɗauke, ko katako ɗaya ba a gani ba. Injin kaɗai ya tsira, don ya ɗauko shi a kafaɗa ya kawo gida. Tun daga lokacin injin nan yana falo a rufe da zanin matarsa Merina, duk Lahadi bayan coci ya fito da shi ya tsoma a gangar ruwa ya tayar don kada ya yi tsatsa. Shi kuma yana bin jirgin Hilaire, in an ga dama a tafi da shi, in ba a ga dama ba a bar shi a bakin ruwa. Hilaire ba mugu ba ne, amma bakinsa ba ya hutawa. Shi ya raɗa masa Kyaftin ɗin Falo, sunan kuma ya bi shi har wurin masu sayar da burodi. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tuƙa nasa, kin san yadda zai ji.

Don haka da ya zo mini a watan Fabrairu ya ce zai sare itacensa, Kawu ya sassaƙa masa kwalekwale irin na dā, ban yi musu ba ko kaɗan. Na ce ai da ma naka ne. Kawu ya ce a jira wata ya fara raguwa, itacen da aka sare a lokacin ba ya saurin ruɓewa. Ranar da aka sa, ni na riga su hawa, na hura wuta a bukkar gona na dafa musu shayin koko da fanke da kifin gishiri. Suka iso da hantsi, Firmin da injin yankan itacen da ya aro a kafaɗa, Kawu da gatarinsa da gizago. Muka ci, muka hau doron, Firmin ya fara share ciyayin gindin itacen da adda yana waƙa. Rabon da in ji waƙarsa tun kafin guguwa.

Muna cikin haka muka ji kuka daga sama. Ba kukan jako ba ne, nasu na san shi fiye da muryar maƙwabtana, domin tun da daji ya kwanta akun nan masu jan wuya suka dawo gonata da zama, su ɓare lemo da garehul su ci 'ya'yan su watsar mini da sauran, ina jifa ina buga gwangwani suna kallona kamar ni ce baƙuwar. Wannan kukan ya fi nasu kauri, kamar an busa ƙaho da ya tsage. Muka ɗaga kai. A daidai inda reshen ya karye ruwa ya ci wurin ya zama kogo, kuma a bakin kogon ga siseru, irin akun nan na jikin tutar ƙasarmu, ta leƙo. Ta fito gaba ɗaya, ƙirjinta shunayya mai duhu, bayanta kore, girmanta ya kusa na kaza. Can sai ga namijin ya sauka a reshen sama, ya matso, ya sa mata abinci a baki, ta koma ciki. Yaya, tun bayan guguwa ba wanda na sani da ya sa ido a kan siseru. Ƙananan tsuntsayen nan masu shan fure mun rayar da su da ruwan sukari a murfin kwalba, jako sun rayar da kansu da lemona, amma siseru mutane har sun fara cewa ta rage a jikin tuta kawai. Kawu ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Ni kuma ban san lokacin da na je na zauna a gindin itacen na jingina bayana da shi ba.

Firmin ya daɗe yana kallon sama, sannan ya dube ni ya ce, "Yaya, tashi." Na ce ba zan tashi ba. Ya ce tsuntsu na da fiffike, ya je ya nemi wani itacen, shi 'ya'yansa ba su da fiffike. Na ce ya dubi doron nan ya nuna mini wani itacen da ya rage mai kogo. Ya ce ba ni ba ce kullum nake tsine wa aku ina cewa da da hali da na yi farfesunsu? Na ce waɗancan jako ne. Ya ce aku aku ne, har da na kan tuta, ko tutar zai dafa wa Josette da ƙannenta su ci? Murya ta hau murya. Ya juya wurin Kawu, Kawu ya ce shi dai hannunsa ba zai taɓa itacen da ke da ƙwai a ciki ba, kuma jira ba zai yi magani ba, domin siseru in ta samu kogo ita da mijinta nan suke komawa shekara da shekaru. Firmin ya ce masassaƙa ba su ƙare a ƙasar nan ba. Ya ɗaga addar ya kafa ta a ƙasa da ƙarfi, nesa da ni, ya saɓi injin ya gangara. Wannan ɗaga addar ce wani da ke saran ayaba a gonar ƙasa ya hango, kafin ta iso kunnen Rosemund ta zama abin da kika ji.

Duk tsawon azumin nan kafin Ista bai yi mini magana ba. A coci in na zauna dama ya zauna hagu. Na san da na je ofishin gandun daji na faɗa, da sun zo sun hana shi da doka, magana ta ƙare. Na yi ta tunanin haka, amma na kasa. Da na yi, da ya zama mutumin da yayarsa ta haɗa da hukuma a kan abin da ubansa ya ba shi, kuma da ba mu ƙara cin abinci a kwano ɗaya ba har mu mutu. Ga kuma tsoron kada labari ya bazu ya kai ga masu kama tsuntsaye suna fitar da su ƙasar waje. Sai na yi shiru, Kawu ma ya yi shiru, wanda a wurinsa ba ƙaramin aiki ba ne. Mutanen gari da suka rasa dalilin faɗan sai suka ƙirƙiro nasu.

Wata Lahadi Merina ta zo gidana, na ba ta kujera ta ƙi zama. Ta ce Hilaire ya bar mijinta a bakin ruwa mako guda cur saboda ɗan ƙanwarsa ya dawo daga tsibirin Gwadalup yana son wuri a jirgi. Ta ce Firmin zaune yake a falo yana kallon injin kamar mai jinya. Ta ce, "Ke Yaya Odile abincinki a ƙarƙashin ƙasa yake, guguwa ba ta ga gwazarki ba. Mu namu a ruwa yake. Kin zaɓi tsuntsu kin bar ɗan'uwanki." Ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi yi mini ciwo. Gaskiya ta faɗa. Na aika musu da gwaza da ayaba, aka dawo mini da su. Na sake aikawa ta ƙofar baya, Merina ta karɓa ba tare da ya sani ba. Na yi kwanaki ina tambayar kaina ko taurin kai ne kawai nake yi. Amma duk sanda na hau gona na ji ƙahon nan daga doro, sai in ji ba zan iya cewa a sare ba.

Ranar Litinin ta makon Ista, gari na wayewa, Merina ta buga mini ƙofa ta ce Firmin ya fita da injin yankan itace. Na tare a-kori-kurar masu ayaba ta kai ni ƙarshen kwalta, na kama hawa da ƙafa. Ina tsallake rafi na ji injin ya tashi a can sama. Na sa gudu, ni da rabona da gudu tun ina budurwa, na faɗi na fasa ƙauri a kan dutse, na tashi na ci gaba. Sai ƙarar ta canza, irin ta sa'ad da haƙoran inji suka kama itace. Sannan ta tsaya. Na tsaya ni ma, ina jiran in ji faɗuwar. Ban ji ta ba. Da na isa na tarar da shi zaune a kan wani kututture, injin a gefensa. A jikin itacen ga yanka, zurfinsa bai kai tafin hannu ba, farin ƙaro na tsattsafowa. Bai dube ni ba. Ya ce man da ake sayarwa yanzu duk ruwa ne, inji ba ya riƙe wuta. Na ce ƙwarai, man yanzu ba shi da kyau. Na zauna kusa da shi. Ya ga jini a ƙafata, ya ce tsohuwa da ke wa ya aike ki gudu a dutse, ya yage hannun rigarsa ya ɗaure mini. Ya fito da burodi daga aljihu ya raba biyu. Muka ci.

Daga baya ne Merina ta gaya mini abin da ya faɗa mata. Wai da injin ya kama itacen, macen ta fito daga kogo, amma maimakon ta gudu sai ta sauko reshen ƙasa, daidai saman kansa, ta buɗe fiffike tana kuka. Da ya sassauta injin sai ya ji wani siririn kuka daga cikin kogon, kamar ƙofa mai tsatsa. Ƙwan ya ƙyanƙyashe. Ya ce mata shi ya san yadda ake ji in gida na rawa 'ya'yanka na ciki, domin ranar guguwa da bayansa ya tokare ƙofa yaran na ƙarƙashin tebur. Ni bai taɓa gaya mini wannan ba, kuma in kin yi waya da shi kada ki nuna kin sani. Har gobe maganar mai yake yi.

Kawu ya sa muka toshe yankan da laka, ƙaron ya rufe sauran. Bayan Ista ni da Firmin muka shiga neman gomye cikin waɗanda guguwa ta kwantar. Mun sha wuya. Wanda muka samu duk ko ya ruɓe, ko gara ta cinye cikinsa, ko ya tsage tun daga faɗuwa. Akwai ranar da ya jefar da addarsa ya ce ya haƙura, zai tafi tsibirin Sen Martin aikin gini kamar sauran. Na ce ya ba ni mako ɗaya. A cikin makon muka samu wani a ƙetaren rafi, a cikin kwazazzabon gonar Ma Ferdinand. Ya faɗi a kan duwatsu biyu, cikinsa bai taɓa ƙasa ba. Muka ɗauko Kawu, kusan goya shi muka yi a gangaren. Ya bi shi daga gindi zuwa kai yana bugawa da bayan gatari, ya manna kunnensa mai ɗan ji. Ya miƙe ya ce da ƙarfi, har kwarin ya amsa, wannan lafiyarsa ƙalau. Ma Ferdinand ta ce mu ɗauka, da ma ya tare mata hanyar ruwa, sharaɗinta ɗaya, kifin farko nata ne, kuma kada a kawo mata mai ƙaya da yawa don haƙoranta na roba ne.

Kawu da Firmin suka yi kwanaki a kwazazzabon suna rarake cikinsa don ya yi sauƙin ja, sannan aka kira gayya. Ban zaci za a zo da yawa ba, saboda kowa na fama da nasa rufin, amma aka zo, masunta da manoma, har da masu ganin laifina. Ni da Merina muka ɗora tukunyar farfesun kifi da gwaza a bakin rafi, ranar ce muka fara hira sosai tun bayan zuwanta gidana. Hilaire ma ya zo, wai ya zo ya ga jirgin da Kyaftin zai riƙa tuƙawa tsakanin kujera da talabijin. Amma da aka kama igiya shi ne a gaba. Aka jera gungume a ƙasa, ana ja ana waƙa ana zagin juna, kwalbar giyar rake na zagayawa. An haye rafi lafiya, an hau tudun farko. A gangare na biyu igiyar baya ta tsinke. Mutane suka watse, itacen ya sulale da gudu ya daki wani dutse da hancinsa. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni, amma ƙarar tsagewar kowa ya ji ta. Firmin ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Na dubi Hilaire ina jiran ya saki baki. Sai kawai ya gangara wurin motarsa ya dawo da sabuwar igiyar jirginsa, wadda ko ruwa ba ta taɓa ba, ya ɗaura da hannunsa. Kawu ya bi tsagar da yatsa har inda ta tsaya, ya auna abin da ya rage da hannuwa, ya ce a yanke daga nan, jirgi zai fito, sai dai gajere. Rana na faɗuwa muka kai shi bakin hanya.

A bakin teku aka ƙarasa shi, a ƙarƙashin kwakwar nan ta kusa da inda ake shanya taru. Aka cika cikinsa da duwatsu da ruwa, aka hura wuta a gefe da gefe har ya buɗe, aka sa masa haƙarƙari, aka ƙara katako a baki. Ba zan ɓoye miki ba, ƙarami ne. Ba zai iya zuwa can nesa inda ake kama manyan kifi ba, inda ba a hango ƙasa, kuma a can ne samun yake. Itacen Baba da ya ba da jirgi ninki biyu na wannan. Firmin ya sani, ni ma na sani. Masunta suna kiransa Bahon Wanka. Ranar bikin Bitrus mai kamun kifi, da Fada, limamin cocinmu, ya zo sa wa jirage albarka, ya tsaya a kansa ya ce wannan dai ba zai ci ruwan tsarki da yawa ba, aka yi ta dariya, Firmin ma ya yi. Amma da ya ɗauko injin daga falo ya ɗaura, ya ja igiya ya tashi, na ga Merina ta juya baya tana share ido da zanin da aka cire daga kansa. Yanzu yana su a kusa da gaɓa, da fatsa da kejin waya na tarkon kifi, kuma Hilaire ya ce in lokacin manyan kifi ya zo wurinsa na nan. Ma Ferdinand ta samu kifinta, ta kuma yi ƙorafin ƙaya.

Ɗan siserun ya fito a watan Yuni. Firmin ne ya fara gani, domin ya fi ni zuwa doron yanzu, wai yana zuwa duba ko lakar ta riƙe. Ya ce tashinsa na farko kamar an jefa buhu daga sama, ya faɗa kan wani reshe ya rataye da baki, iyayen na kewaye shi suna masa faɗa. Ni na gan su bayan kwana biyu, su uku, suna ƙetare kwari zuwa cikin daji. Jako kuwa suna nan suna cin lemona, ban yafe musu ba.

Makon jiya Firmin ya zo da sassafe ya ce in shirya zai kai ni ruwa. Kin san ni, a bakin teku aka haife ni amma rabona da shiga jirgi tun ranar da na yi amai a jikin Baba. Na ce a Bahon Wanka? Ya ce in ban shiga ba ya san har yanzu fushi nake. Na shiga, na riƙe baki biyu da hannu biyu. Teku a kwance take kamar an goge ta. Kwasakwasa na faɗawa ruwa a bakin rafi, manyan baƙaƙen tsuntsayen nan masu wutsiya kamar almakashi na shawagi a sama suna jiran wanda za su ƙwace wa kifi. Wata kififiyar teku ta ɗago kai kusa da mu, ta ja numfashi kamar tsohon da ya hau bene, ta nutse. Can nesa ya nuna mini feshin kashalo, ƙaton kifin nan mai fesa ruwa ta ka, uwa da ɗa, ya ce sun dawo sosai bana. Ina cikin kallo sai ya rage wuta, ya juya yana duban ƙasa, yana matsar da jirgin kaɗan kaɗan. Na ce me kake nema, ga ruwa ko'ina iri ɗaya? Ya ce ba ya sa wa kejinsa alama a saman ruwa don ɓarayi, da ido yake gane wurin. Ya ce in dubi hasumiyar coci, sannan in ɗaga ido sama da ita har kan dutse. Na ɗaga. A kan doron, sama da duk sabon ganyen da ya tsiro, kai ɗaya ne ya fita daban, da gefensa guda a karye. Ya ce in kan gomye ya hau daidai kan gicciyen coci, kejinsa na ƙarƙashinmu. Ya jefa ƙugiya, jifa ɗaya ta kamo igiya, ya jawo kejin da jajayen kifi na tsalle a ciki. Yana juye su a gaban ƙafata, ba tare da ya kalle ni ba, ya ce in rubuta wa Yaya Albertine in gaya mata kada wanda ya taɓa itacen nan, ko bayan ransa, domin in ya faɗi shi bai san inda zai nemi abincinsa ba.

To, Yaya, saƙon ke nan. Muna so ki yarda a bar doron yadda yake, daga itacen har zuwa inda tsofaffin itatuwan kofi na Baba suka tsaya, ba sara ba shuka. Rabonki na ciki, shi ya sa ba za mu yanke ba sai da ke. In kin amince, ni da Firmin za mu je tare mu gaya wa ma'aikatan gandun daji, don su san da sheƙar su riƙa sa ido. Ya ce shi zai yi maganar, ni in yi shiru ko sau ɗaya a rayuwata. Kafin nan ki riƙe abin a cikinki, musamman daga Rosemund. Lokacin guguwa ya sake shigowa, kowa na kallon sama yana sauraron rediyo. Ki sa mu a addu'a, mu da rufinmu da jirgin da itacen.

Ki gaishe mini da Cuthbert, ki ce ya riƙa sa maganin idon a kan lokaci. Ki gaishe da Marcelin da matarsa Yvette, da Clémence, da 'yan jikoki, musamman takwarata Odile ƙarama, a gaya mata akwai kifi na jiranta. Kawu Sylvestre na gaishe ki, ya ce ki zo tun yana iya gane fuska. Merina da Josette da ƙannenta na gaisuwa. Firmin ya ce in gaishe ki, ya kuma ce in kin zo akwai wuri a jirgi, amma ke kaɗai, Cuthbert ya jira a gaɓa don jirgin ba zai ɗauki tumbinsa ba.

Ubangiji ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Odile